Rairayi Ne, Hajiya, Ba Moter Ba

Maganar da zan yi ba za ta taimaki aljihuna ba, amma gaskiya ce: mafi yawan mikro-ond ɗin da ake kawo mini shago a nan Tasawa saboda ƙara, lafiyarsu ƙalau. Rairayi ne kawai ke damun su, sai ɗigon miyar da ta bushe. Aikin da nakan yi musu bai wuce na ruwan ɗumi da sabulu da tsohon buroshin haƙori ba, kuma babu gidan da babu waɗannan.

Na fara sana'ar nan tun zamanin rediyo mai kaset, na bi ta talabijin da fanka da dutsen guga, yanzu ga na'urar ɗumama abinci, wadda ƴan'uwanmu na Najeriya ke ce wa maikirowef. A da, sai a gidan likita ko babban ma'aikacin da aka turo daga Yamai ake ganinta. Yanzu ta shiga kayan ɗakin amare, ta shiga shagunan abinci na bakin babbar hanya, ta shiga ɗakin malamin makaranta gwauro da ke son ɗumamensa da safe ba tare da ya hura gawayi ba. Ana kawo mini daga cikin gari, daga Maijirgi, daga Mayahi har Kanembakashe. Kusan kowa da magana ɗaya yake shigowa: "Malam, moter ɗin ne ya mutu." Ban san wa ya raba wa mutane wannan hukunci ba. Moter shi ne na ƙarshe da nake tuhuma.

Wani mai gida yakan ce, "To a cire abin juyin gaba ɗaya mu huta da kukan." Ana iya yi, na'urar za ta ci gaba da ba da zafi, sai dai tuwon zai fito gefe guda yana ƙona baki, gefe guda da sanyinsa na jiya. Dalili kuwa, ba wuta ce a cikin akwatin ba. Akwai wani ƙarfe da ake kira magnetron, shi ke fitar da igiyoyi irin na rediyo, masu kaɗawa sau miliyan 2,450 a daƙiƙa guda, su ke motsa ruwan da ke cikin abinci har ya yi zafi. Igiyoyin sukan daki bangon ƙarfe su dawo, su gamu da masu fitowa, a wani wuri su ƙara wa juna ƙarfi, a wani wuri su kashe juna. Daga wuri mai zafi zuwa na gaba kamar santimita 6 ne, kuma wuraren nan ba sa gusawa. Tun da su ba za su je wurin abinci ba, dole abinci ya zagayo ya bi ta cikinsu. Injiniyan nan na Amurka, Percy Spencer, shi ya gano hanyar dafuwa da waɗannan igiyoyi a 1945 yana aiki a kamfanin Raytheon, amma faranti mai juyawa sai daga baya ya zo, kamfanin Sharp na Japan ya fito da shi a 1966.

Abin da ke juyin nan guda huɗu ne. Akwai farantin gilas. A ƙarƙashinsa akwai zoben roba mai ƙananan tayoyi uku, wanda ke zaune masa kamar gammo a ƙarƙashin tulu, shi ke ɗaukar nauyin duka. A tsakiya akwai ɗan mariƙi mai haƙora uku da ke shiga gindin farantin ya ja shi. Can ƙasa, a bayan ƙarfe inda ba a gani, akwai ɗan moter ɗin. Uku na farko da hannu ake ciro su, ko turnabis ba a buƙata.

Kafin a taɓa komai, a fara da kunne. Zare waya daga bango, a fitar da faranti da zobe da mariƙi. Sa kofin ruwa na tangaran ko na gilas a ƙasan akwatin, ɗan gefe da tsakiya, a maida waya, a kunna kamar rabin minti. Ruwan nan dole ne. Mikro-ond ba a kunna ta wayam, domin igiyoyin idan ba su sami abin da zai shanye su ba sai su koma kan magnetron ɗin, ko su narkar da robar da suka samu. Idan ƙarar ta ɓace, sai sautin fanka da aka saba, to matsalar tana cikin abubuwa ukun da ke hannunka, kuma ka huta da zuwa wurina. Idan ƙarar na nan, a kasa kunne a ji daga ina take: daga ƙasa, ko daga baya, ko daga gefen da maɓallai suke. Kowace da maganarta, zan zo kansu.

Bari in tsaya kan rairayi, domin shi ne babban mai laifi a ƙasarmu. Wanda ya san Mayahi ya san abin da nake nufi. Ƙasar jigawa ce, daga bakin Gulbin Kaba har ka yi arewa, ƙafa na nutsewa, iska kuma ba ta hutawa. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hunturu na zubo ƙura ta kowace kafa, a bazara ga guguwar da ke riga hadari isowa. Na'urar nan a Turai ko ƙasar Sin aka ƙera ta, don ɗakin girki mai tagar gilas da ba a buɗewa. Mu kuma ga ta a kan tebur kusa da ƙofa, labule kawai ke tsakaninta da tsakar gida, ana shara ana kaɗa tabarma. Ko ƙofarta na rufe, fankar da ke cikinta tana jawo iskar ɗakin ta ratsa da ita cikin akwatin. Sai kuma gindin kwanon da aka ajiye a ƙasa aka ɗauko aka ɗora kan faranti.

Rairayi shi kaɗai da sauƙi. Abin da ke ɓata lamari shi ne idan ya gamu da mai. Miyar kuka ta tafaso ta zubo, man gyaɗa ya fantsama, ya gangara ƙarƙashin faranti inda uwargida ba ta gani, ƙura ta sauka a kai, zafi ya gasa su tare. Sai su zama wani ɓawo mai tauri a kan hanyar da tayoyin ke bi. Taya ta zo ta hau, faranti ya ɗaga ya sauka, ka ji ƙwas, ta zagayo ka sake jin ƙwas. Ƙarar da ke zuwa a kan ƙa'ida, tana tafiya tana dawowa daidai da zagayen faranti, kusan kullum wannan ce. Wadda kuwa ke yin ƙurrr ba yankewa, kamar ana jan abu, taya ce ta cije ta daina juyi, ana jan ta a ƙasa.

Wankin ba shi da wuya, amma akwai kurakurai biyu da nake gani kullum. Na farko, a ɗauki faranti da zafinsa a tsoma a ruwan randa. Gilas ne, zai iya tsagewa nan take, a bar shi ya huce tukuna. Na biyu, a goge cikin akwatin yadda ake goge tukunya, da toka ko yashi ko soson ƙarfe. Fentin da ke ciki shi ke kare ƙarfen daga tsatsa, idan aka kankare shi an buɗe wata ƙofar. Abin yi shi ne a zuba ruwa a kwanon tangaran, a matse lemun tsami a ciki, a kunna minti uku ko huɗu har tururi ya cika akwatin, a bar ƙofar a rufe ya ɗan lafa, sannan a zare waya a goge da tsumma mai laushi. Ɓawon zai taso da kansa. Zoben kuma a jiƙa shi a ruwan ɗumi da sabulu, a bi kowace taya da buroshi, a juya ta da yatsa. Sau da yawa abin da nake cirowa daga gindin tayar zaren tsumma ne ko gashi, ya naɗe ya sha mai ya daskare. Sai taya ukun duk suna juyi sakayau, kuma komai ya bushe, sannan a mayar.

Kada a sa mai. Na san hannu na ƙaiƙayi, domin mun saba duk abin da ke kuka, keken ɗinki ne ko ƙyauren ƙofa, mai ake ɗiga masa. A nan ba haka ba ne. Man inji ba ya zama inda abinci yake, man gyaɗa kuma kwana kaɗan zai yi danƙo, ya kama sabon rairayi, ya kira kyankyaso da tururuwa. Tayoyin a bushe aka yi su su yi aiki.

Idan an wanke, a ɗaga zoben a dube shi da kyau a haske. Tayar da aka daɗe ana ja a ƙasa takan cinye ta gefe guda ta yi shafe, wannan wanki ba ya maganinta, sai sabon zobe. A duba hanyar tayoyin ma. Idan fenti ya ɗaye tsatsa ta fara, ana iya goge ta a hankali a shafa fentin da aka yi don cikin mikro-ond, ba ragowar fentin ƙofa ba. Idan tsatsar ta huda ƙarfen har ana ganin rami, ni dai ba na gyarawa, kuma ba na ba kowa shawarar ya ci gaba da kunna ta.

Sai faranti da mariƙi. A gindin farantin akwai ƙulle-ƙulle uku da dole su faɗa tsakanin haƙoran mariƙi. Yarinya ta wanke ta mayar a gaggauce, ya hau kan haƙori ɗaya, sai ya riƙa rawa yana dukan bango. A ɗan juya shi da hannu a hankali har a ji ya zauna. Masu sayen na hannu, irin da ke shigowa daga Turai, su ne suka fi shan wahala a nan, domin a kasuwa akwati daban yake zuwa faranti daban, mai sayarwa kuma duk wanda ya shiga shi zai haɗa maka. Faɗinsu ba ɗaya ba ne, akwai mai santimita 24.5, akwai mai 27, akwai mai 31.5, gindinsu ma kowane da irin yankansa. Mariƙin kuwa, a cire shi a leƙa ƙasansa. Ramin da ke shiga sandar moter ba zagayayye ba ne, gefe guda a shafe yake don ya kama. Idan ya tsage ko ya cinye ya zama zagayayye, moter zai yi ta juyi a ciki yana kakat-kakat, faranti na tafiya yana tsayawa. Manne shi da gam ba ya kai ko'ina, zafi zai sake shi.

Wani lokacin ma laifin kwano ne. Mu ba mutanen ɗan faranti ɗaya ba ne, gida guda ake ɗumama wa, sai a cusa babbar roba mai faɗi, kunnuwanta na dukan bango a kowane zagaye. Ko a loda nauyi gefe guda. Ɗan moter ɗin nan wat 3 ko 4 ne ƙarfinsa gaba ɗaya, a raba masa aikin biyu. Ba sai na faɗa ba, amma zan faɗa, tun da har yanzu ina ganin tabon ƙuna a bangon akwatuna: kwanon silba, langa, samira, cokali, da farantin amarya mai zanen ruwan zinariya a baki, duk ba sa shiga. Daɓen ɗaki ma na da nasa. Teburin da ya karkata yana tura nauyi kan taya ɗaya. A zuba ruwa a faffaɗan faranti a ɗora a ciki, idan ruwan ya taru gefe guda, a sa ɗan katako a ƙarƙashin ƙafar da ta yi ƙasa. Ƙyallen ado da mata ke lulluɓa ta da shi ina goyon bayansa ƙwarai, yana tare ƙura, amma a yaye shi kafin a kunna, kada ya toshe mata kafofin iska.

To, idan an fitar da komai kuma ƙarar na fitowa daga ƙasa, yanzu ne aka zo kan moter. A cikinsa akwai ƙananan haƙoran roba da ke rage gudu har faranti ya riƙa zagaye biyar ko shida a minti, wasu ma ƙasa da haka. Abu biyu ke kashe su: miyar da ta bi sanda ta gangara ciki, da hannun yaro da ke murza faranti da ƙarfi yana wasan tuƙin mota. Amma idan ka ga faranti yau ya yi dama gobe ya yi hagu, wannan ba cuta ba ce. Haka irin wannan moter yake, inda ya samu sauƙi nan yake bi.

Canza shi mai ɗan hannu zai iya, da sharaɗi ɗaya: in akwai ƴar ƙofarsa a ƙasan na'urar. A zare waya, a fitar da faranti da zobe, a kwantar da ita kan tabarma. A tsakiyar gindinta za a ga ɗan murfi, wani da bis ɗaya, wani sai an yanke ƴan kunnuwan da suka riƙe shi sannan a juya shi a ɗaure da bis. A ciki ga moter, zagayayye, bai kai tafin hannu ba, da waya biyu da bis ɗaya ko biyu. A ɗauki hotonsa da salula kafin a cire komai. Kada a kama sandarsa da filaya ana murzawa alhali yatsa na kan bakin wayoyinsa, domin idan aka juya shi da hannu shi ma wuta yake haifarwa, kuma tana fizga.

Inda ake asarar kuɗi shi ne wurin sayen sabo. A ido duk kamarsu ɗaya, amma rubutun da ke jikinsu ya bambanta. Akwai mai bolt 220 zuwa 240, akwai mai 21, akwai mai 30, akwai mai 120 na kayan Amurka. Ka ɗaura mai 21 inda 220 ke zuwa, hayaƙi za ka gani kafin ka sauke hannu. Ka ɗaura mai 220 inda 21 ke zuwa, ko motsi ba zai yi ba. Tsawon sandar da yankan bakinta su ma dole su zo ɗaya. Saboda haka wanda za a aika Maraɗi, ko Katsina, ko kasuwar Sabon Gari ta Kano, a ba shi tsohon a hannu, kada a ce masa kawai "ka sayo mini moter ɗin mikro-ond." A nan kusa kuma, akwatin da ya mutu ta wani fannin shi ne ma'ajiyarmu, daga jikinsa muke samun zobe da mariƙi da moter masu lafiya. Wanda tasa ta mutu kada ya bari yara su mai da ita akurkin kaji kafin a cire waɗannan.

Iyakar aikin gida ke nan. Babban murfin da ya lulluɓe sama da gefuna, mai bis a baya, ba na mai gida ba ne, kuma ba na yaron unguwa mai gyaran salula ba ne. A ƙarƙashinsa akwai taransifoma da ke ɗaga wuta zuwa wajen bolt 2,000, da kondansater da ke iya riƙe wutar nan a cikinsa bayan an zare waya daga bango. An sa masa abin da zai zubar da ita da kansa, amma abin nan yana lalacewa ba tare da kowa ya sani ba. Mutane sun mutu a kan wannan, har da waɗanda suka san lantarki. Kada garin gyaran gira a rasa ido. Ƙarar da ke fitowa daga baya kamar ana kaɗa kati, fanka ce ta kama wani abu ko ƙura ta cika ta. Gurnani mai nauyi daga gefen maɓallai, abinci kuma ya ƙi zafi, wannan magnetron ne ko abokan aikinsa. Dukansu a ƙarƙashin babban murfi suke, a kashe a kawo.

Tartsatsi ma a kashe nan da nan. A bangon ciki, galibi ta dama, akwai wani ɗan falle mai kama da kwali mai ƙyalli. Ba kwalin kamfani ba ne da aka manta ba a cire ba, kamar yadda wasu ke zato har su ɓalle shi. Shi ke tare tururi da mai kada su shiga hanyar igiyoyin. Idan mai ya taru a kansa ya ƙone ya yi baƙi, daga nan tartsatsin ke tashi, kuma canza shi abu ne mai sauƙi idan aka yi da wuri. Ƙofar da ta lanƙwashe ko ba ta rufuwa ruf, ita ma ba a kunna na'ura da ita.

Akwai kuma ƙarar da ba ta na'urar ba ce sam, ta wutar ce. Wutar ƙasarmu bolt 220 ce, mai bugu 50 a daƙiƙa, kuma ta wannan yanki kamfanin wutarmu NIGELEC ya daɗe yana karɓo ta daga Najeriya ta babban layin da ya taso daga Katsina ya sauka Gazawa, nan kusa da mu. Da Najeriya ta yanke wutar a farkon Agustan 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, har zuwa Maris na 2024 da aka maido ta, mutane da yawa sun koma kan gurup, wato injin wuta, da sola, kuma da yawa ba su sauka ba har yau. Mikro-ond da aka rubuta wa wat 700, wannan zafin da take bayarwa ne, abin da take ja daga bango ya haura wat 1,000. Ɗan ƙaramin gurup na kunna fitila da cajin salula ba ya ɗaukarta. Shi zai yi nishi, ita ta yi gurnani, faranti ya riƙa karkarwa, domin gudun moter ɗin bugun wutar yake bi. Ƙaramin inbata mai araha na sola shi ma yakan sa ta yi zuuu. Haka idan aka ja ta da siririyar ralonj da aka riga aka jona wa firijo da dutsen guga, ko da magariba lokacin da unguwa duka ta kunna kaya. Gwajin mai sauƙi ne: a kai ta wani ɗaki ko gidan maƙwabci, a jona ta kai tsaye a bango da hantsi. Idan ta yi shiru, kada a ba kowa kuɗin gyara. Wanda kuma ɗansa ya aiko masa da ita daga Amurka, ya karanta takardar da ke manne a bayanta kafin ya jona, idan 120 aka rubuta, wutarmu za ta ƙone ta.

Idan an bi duk wannan kuma dole sai an zo shago, ina da roƙo ɗaya, musamman ga mutanen Mayahi da ƙauyukan da ke ɗauro ta a bayan kabu-kabu. A fitar da farantin a naɗe shi a zane, a riƙe shi daban, kada a bar shi yana tsalle a cikin akwati. Moter da zobe ana samu, amma farantin da ya dace da na'urarka, idan ya fashe a hanya, sai ka yi wata da watanni kana cigiya.